Zumuncin da ya haifi Ofishin Matasan Faransa da Jamus

Tsakanin 1870 da 1945 Faransa da Jamus sun gwabza yaƙi har sau uku, kuma da wuya a sami dangin da ba su yi zaman makoki ba a ƙasashen biyu. Shi ya sa abin da Lucien Tharradin ya yi a 1950 ya isa a jinjina masa. Magajin garin Montbéliard ne a gabashin Faransa. Ya yi gwagwarmayar ƙin mamayar 'yan Nazi, aka kama shi, aka tsare shi a sansanin gwale-gwale na Buchenwald. In da mai hujjar riƙe Jamusawa a zuci har kabari, to shi ne. Amma da ya haɗu da Elmar Doch, magajin garin Ludwigsburg na Jamus, a wani taron magadan gari a Stuttgart, sai suka yi shawarar jama'arsu su fara ziyartar juna. Da ma akwai tsohuwar alaƙa, domin Montbéliard ta yi kusan shekara 400 a hannun gidan sarautar Württemberg, wanda ya gina babbar fadarsa a Ludwigsburg. Wannan ne ƙawancen birane na farko tsakanin ƙasashen biyu, kuma a hankali wasu garuruwa suka bi sahu.

Shugabannin ƙasa daga baya suka iso. Ranar 9 ga Satumba, 1962, shugaban Faransa Janar Charles de Gaulle ya tsaya a farfajiyar fadar Ludwigsburg ya yi wa dubban matasan Jamus jawabi da harshensu, ba tare da duba takarda ba. Mutumin da ya taɓa zaman fursunan yaƙi a hannun Jamusawa, shi ne yake kiran 'ya'yansu su ƙulla abota da samari da 'yan matan Faransa. Ranar 22 ga Janairu, 1963 shi da shugaban gwamnatin Jamus ta Yamma Konrad Adenauer suka sa hannu a yarjejeniyar Élysée, ranar 5 ga Yuli kuma aka kafa Ofishin Matasan Faransa da Jamus.

A ganina, hikimar tana cikin tsarin ofishin. Gwamnatocin biyu suna zuba kuɗi daidai wa daida, amma ofishin yana cin gashin kansa, kuma yawanci ba shi ke shirya tafiye-tafiyen ba. Makarantu, ƙungiyoyin wasanni, cibiyoyin koyon sana'a da kwamitocin ƙawancen birane su ne ke tsara nasu, shi kuma ya tallafa da kuɗin mota da masauki. Ta haka ɗan ma'aikacin masana'anta ya samu abin da a da sai ɗan mai hali: ya kwana a gidan wasu iyaye a ƙetaren iyaka, ya ci abin da suke ci, ya shiga aji tare da ɗansu, sannan shi ma ya karɓi baƙuncinsa. Wanda uwar abokinsa ta yi jinyarsa a baƙon gari, ba a saurin cusa masa ƙiyayyar mutanen wannan gari.

Yau ofishin yana aiki daga Paris da Berlin. Matasa sama da miliyan 9 sun ci moriyarsa, biranen da suka ƙulla ƙawance kuma sun haura 2,000. A musayar ɗalibai akwai shirin Brigitte Sauzay na wata uku a kowane ɓangare, da shirin Voltaire na wata shida-shida. A 1991 Jamus da Poland suka kafa irin wannan ofishi, a 2016 kuma ƙasashen yammacin Balkan, waɗanda yaƙe-yaƙen shekarun 1990 suka ɗaiɗaita, suka kafa nasu da hedkwata a Tirana.

Abin da ke damuna shi ne harshe. Masu koyon Jamusanci a makarantun Faransa suna raguwa, haka ma masu koyon Faransanci a Jamus, yara da dama kuma in sun haɗu sai su koma Turanci. Ban da harshe, kwamitocin ƙawancen birane da yawa dattawa ne suka rage a cikinsu. Yarjejeniyar Aachen ta 22 ga Janairu, 2019 ta tanadi asusu na musamman domin tallafa wa irin waɗannan kwamitoci da ƙungiyoyin jama'a, aka kuma damƙa wa ofishin matasan ragamar tafiyar da shi.