Tarihin Buɗe Wasa a Ces: Zaɓin Fari da Zaɓin Baƙi

Buɗe wasa shi ne jerin motsin farko da 'yan wasan ces ke yi kafin faɗa ya kankama a tsakiyar allo. Mai fararen 'ya'ya ne ke farawa, kuma a manyan gasanni yakan kwashe kimanin kashi 54 zuwa 55 cikin ɗari na maki. Wannan 'yar tazarar ce tushen ilimin gaba ɗaya. Fari na neman ya riƙe ta, baƙi kuma ya shafe ta.

Tun a Bagadaza, a ƙarni na 9 da na 10, gwanayen shaɗaranji, wato tsohon salon ces, irin su al-Adli da as-Suli sun rubuta tsare-tsaren jera 'ya'ya da ake kira ta'abiya. A lokacin 'ya'yan ba su da dogon taku, don haka kowa yakan kafa sansaninsa a tsanake. Wajen 1475, a Sifen, aka ba sarauniya da giwa ikon ratsa allo daga wannan gefe zuwa wancan, sai ya zamana kuskure ɗaya tun da fari kan iya halaka sarki. A 1561 wani limamin coci, Ruy López, ya wallafa littafin da ya yi bayanin buɗewar da ke ɗauke da sunansa har yau.

Kusan shekara 300 bayan haka, fari na tura sojan gaban sarki gida biyu, wato e4, baƙi ya kwaikwaye shi da e5. Zamanin sadaukarwa ke nan: a ba da soja kyauta don a samu hanyar kai hari, kamar yadda matuƙin jirgin ruwa William Evans ya yi a buɗewarsa ta shekarun 1820. Ƙin karɓar irin wannan kyauta kusan ragwanci ake ɗaukarsa. Ko dokar cewa fari ne zai fara ba ta zauna da gindinta ba sai ƙarshen ƙarni na 19.

Wilhelm Steinitz, zakaran duniya na farko a 1886, ya koyar da cewa ba a kai hari sai an tara ƙananan ribobi. Daga nan d4, wato tura sojan gaban sarauniya, ta samu karɓuwa, har ta yi wa fagen katutu. A karawar Capablanca da Alekhine ta 1927 a Ajantina, wasanni 32 cikin 34 da buɗewa iri ɗaya aka yi su.

Tarihin baƙi ya fi armashi, domin shi ne ya koyi daina bin sawu. Kariyar Faransa ta samo sunanta daga wasan wasiƙa da 'yan Faris suka fara da 'yan Landan a 1834. A shekarun 1920 Réti da Nimzowitsch da Grünfeld suka zo da ra'ayin da ya girgiza dattawan wasan: a bar wa abokin karawa tsakiyar allo ya cika ta da sojoji, sannan a riƙa sukarta daga nesa. Réti ya doke Capablanca da wannan salo a New York a 1924. Kariyar Sisiliya kuwa, wato amsa e4 da c5, an san ta tun ƙarni na 16, amma sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu ta zama makamin mai neman nasara da baƙi, musamman reshen Najdorf da Fischer da Kasparov suka riƙe hannu bibbiyu. Mai buga ta ya yarda ya sa sarkinsa cikin haɗari don kada wasa ya tashi kunnen doki, kuma wannan ƙarfin hali ya cancanci yabo.

Sau da yawa karawa guda ce ke sauya yayi. Fischer, wanda aka san shi da e4, ya fara wasa na shida da c4 a karawarsa da Spassky a 1972, ya kuma ci. A Landan a 2000, Kramnik ya tono Kariyar Balin, wadda aka daɗe ana yi wa kallon tsohon yayi, ya yi musayar sarauniyoyi tun da wuri, Kasparov ya rasa ta inda zai ɓullo mata. Ko wasa ɗaya Kasparov bai ci ba a karawar, ya rasa kambunsa na zakaran duniya, manyan 'yan wasa kuma suka rungumi kariyar.

Kundin buɗe wasa da aka fara wallafawa a Belgrade a 1974 ya kasa hanyoyin buɗewa gida 500, daga A00 zuwa E99. Da kwamfuta ta shigo, hadda ta yi zurfi har gwanaye kan wuce motsi 20 ba su fara tunanin kansu ba. Wannan ne ya dami Fischer, ya gabatar a 1996 da tsarin da ake cakuɗa jerin manyan 'ya'ya ta hanyoyi 960. Hukumar ces ta duniya, FIDE, ta amince da gasar duniya ta wannan tsari a 2019, inda Wesley So ya doke Magnus Carlsen a Norway.