Tarihin Maganin Waswasi a Kudancin Katsina

Waswasi, wato maganar da zuciya ke ta nanata wa mai ita cewa bai iya komai ba, ko ibadarsa ba ta karɓu ba, ko shi ne sanadin duk abin da ya lalace, tsohuwar damuwa ce a ƙasar Hausa. Hanyoyin magance shi ma tsofaffi ne. A kudancin Katsina, yankin Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa, mutane sun daɗe suna da tasu hanyar gane irin wannan saƙar zuci da mayar mata da martani, tun kafin a san asibitin ƙwaƙwalwa.

Yankin yana kan iyakar Katsina da Zamfara da ƙasar Birnin Gwari, kuma al'adu biyu sun zauna a cikinsa da kewayensa ƙarni da ƙarni. Akwai garuruwan malamai, mafi shahara a cikinsu 'Yandoto, kusa da Tsafe, wadda ta kasance cibiyar karatu tun kafin jihadin 1804. Akwai kuma gidajen Maguzawa, manoma masu riƙe da addinin gargajiya. A wurin masu bori, idan tunani ya dabaibaye mutum har ya daina ci da barci, ana cewa iska ce ta taɓa shi, sai a yi masa girka. Malamai sun yaƙi bori, kuma ƙarfinsa ya ragu ƙwarai. Amma abu guda ya haɗa ɓangarorin biyu: duka sun ɗauka cewa muryar da ke muzanta mutum ba ita ce shi kansa ba. Wani abu ne da ya zo masa, kuma abin da ya zo yana iya tafiya.

Inda aka fi tsara lamarin shi ne zauren malamai. Ɗalibin da ya sauke Alƙur'ani a makarantar allo yakan shiga karatun littattafai, ya fara da Ƙawa'idi, ya bi da Ahalari da Ishmawi da Iziyya, sannan Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a 996. Littattafan fiƙihun Malikiyya ne, kuma sun keɓe hukunci na musamman ga mai yawan kokwanto. Ƙa'idar da ta hau kan kowa ita ce, wanda ya yi shakkar ko raka'a uku ya yi ko huɗu, sai ya ɗauki mafi ƙaranci ya cika. Amma wanda shakka ta aure shi, tana zuwa masa kullum, hukuncinsa daban ne. Ahalari, wanda Abdurrahman Al'ahdari ɗan ƙasar Aljeriya ya rubuta a ƙarni na 16, ya umarce shi da ya yi watsi da waswasin, kada ya kawo abin da yake shakka a kai, ya yi sujadar ba'adi kawai ya tashi. Haka malamai ke cewa game da alwala: wanda kullum zuciyarsa ke raya masa cewa ta karye, ba zai sake ta ba.

Wannan hukunci yana da zurfi fiye da yadda ake zato. Mai waswasi yana jin cewa biye wa shakkarsa shi ne tsoron Allah, sai ga shari'a ta ce masa ƙin biye mata shi ne ɗa'a. An gane cewa duk lokacin da mutum ya sake alwala don ya samu natsuwa, ƙara wa shakkar ƙarfi yake yi, gobe ta dawo fiye da ta yau. Yaro ɗan shekara goma sha biyar a zauren wani malamin ƙauye yakan koyi haka, kuma darasin ba ya tsayawa a kan salla.

Hadisai sun ƙarfafa wannan fahimta. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa an yafe wa al'umma abin da zuciya ta raya matuƙar ba a furta ba ko a aikata. Sun kuma ruwaito hanin da aka yi wa mutum na ya siffanta ransa da ƙazanta idan ya ji ba daɗi, aka ba shi lafazi mai sauƙi da zai yi amfani da shi a maimakonsa. Muslim ya kawo hadisin da ya hana zaman nanata "da na yi kaza da kaza bai faru ba", domin yana buɗe wa Shaiɗan ƙofa. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya rarraba matakan tunani a littafinsa Ihya'u Ulumiddin, ya nuna cewa abin da ya faɗo wa zuciya haka kawai ba a kama mutum da shi, sai abin da ya ƙudurce. Shugabannin jihadi sun ɗebi wannan koyarwa sosai. Littafin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo mai suna Ɗariƙul Janna daga maganganun Gazali aka tsamo shi. 'Yarsa Nana Asma'u (1793–1864) ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda malamai mata da ake kira jaji ke kai karatu da nasiha ga matan karkara cikin Hausa da Fulatanci. Ɗariƙun Ƙadiriyya da Tijjaniyya kuma sun ba muridi shehin da zai faɗa wa abin da ke damun zuciyarsa, da wuridin safe da yamma da zai shagaltar da ita. Sufaye sun bambanta zargin kai da ke kai mutum ga tuba da gyara, da wanda ke kai shi ga ɗebe ƙauna daga rahamar Allah. Na farko abin yabo ne, na biyu kuwa babban zunubi.

A cikin gida, ba a bukatar littafi. Idan mutum ya ce "ni dai ba ni da sa'a", ko "ƙashin tsiya gare ni", tsohuwa takan katse shi nan take da cewa ya daina yi wa kansa mugun baki, ya faɗi alheri. Mai nadama a ce masa da-na-sani ƙeya ce. Al'ada ta kuma tanadi mutane a lokutan da zuciya ta fi rauni: ba a barin mai jego ita kaɗai har ta yi arba'in, mai takaba tana da masu ɗebe mata kewa a wata huɗu da kwana goma, wanda ya yi hasara ana zuwa masa jaje. Mace na da ƙawa, namiji na da amini. Kirari ma yana cikin wannan: maharbi da ɗan dambe da ɗan tauri sukan faɗa wa kansu ko su wane ne da babbar murya kafin su fuskanci abin tsoro, makaɗan noma kuma suna yi wa samari haka a wurin gayya. Lewis Wall, wanda ya yi bincike a ƙasar Malumfashi, maƙwabciyar Ƙanƙara, ya nuna a littafinsa na 1988 cewa lafiya a wurin Bahaushe ta haɗa jiki da kwanciyar hankali da zama daidai da mutane.

Tsarin yana da raunin da bai kamata a ɓoye ba. Haƙuri da kunya, waɗanda ake yabon mutumin kirki da su, sukan zama murfi. Matar da aka laƙaba wa farar ƙafa, ko wadda ba ta haihu ba, ko yaron da ya tashi ana kiransa daƙiƙi, daga bakin mutane suka ɗauko muryar da ke cin su, kuma sau da yawa abin da suke samu idan sun yi ƙorafi shi ne a ce su ƙara haƙuri. Haka nan an jingina wa Shaiɗan da aljanu cututtukan da ke bukatar likita. Rubutun sha da tofi, sannan ruƙiyya da ta yaɗu a 'yan shekarun baya, sun kwantar wa wasu hankali, wasu kuma sun ja musu jinkiri.

Mulkin mallaka bai kawo gyara a nan ba. Dokar mahaukata ta 1916 tsarewa ta sani, ba magani ba. Canji ya fara ne a 1954, lokacin da Dokta Thomas Adeoye Lambo ya soma kula da marasa lafiya a ƙauyukan da ke kewaye da asibitin Aro a Abeokuta, tare da danginsu da masu maganin gargajiya. A shekarun 1960 likitan Amurka Aaron Beck ya gina hanyar jiyya da ke koya wa mutum kama tunanin da ke faɗo masa, ya tambayi hujjarsa, ya musanya shi da wanda ya fi kusa da gaskiya. Abu Zaid Albalhi, wanda ya rasu a 934, ya riga shi da shekara dubu wajen ba da shawarar mutum ya tanadi tunani mai kyau tun yana lafiya, kamar yadda ake ajiye magani a gida. Abin da hanyar Beck ta ƙara a kan ta zaure shi ne auna tunanin da hujja, da kuma gwada ingancin jiyyar ta hanyar bincike. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sauƙaƙa ta yadda ma'aikatan lafiya na karkara za su iya amfani da ita.

Yau nauyin ya ƙaru a yankin. Hare-haren 'yan bindiga sun tashi ƙauyuka a Faskari da Sabuwa, kuma a ranar 11 ga Disamba 2020 aka sace ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara. Uban da ya sayar da gona ya biya kuɗin fansa, da uwar da ke cewa da ba ta aiki ɗanta daji ba, suna ɗauke da zargin kai a daidai lokacin da gudun hijira ya raba su da tsofaffi da maƙwabta da malamin da suka saba kai wa kuka. Sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2023, ta amince da haƙƙin mara lafiya na samun kulawa. Sai dai likitocin ƙwaƙwalwa a Nijeriya ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba, manyan asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya kuma suna nesa da yankin. Don haka limami da malamar Islamiyya da ma'aikacin ƙaramin asibiti su ne waɗanda mai waswasi a Faskari ke fara samu, kuma su suka fi cancanta a horar su gane wanda nasiha za ta isar masa da wanda dole a tura shi wurin likita.