Daga Bakin Kusugu Zuwa Kan Babur: Yadda Gajiyar Daurawa Ta Sauya Kama

Labarin da Daura ta fi shahara da shi labarin ɗibar ruwa ne. Masu ba da tarihi sun ce maciji ya tare rijiyar Kusugu, ba ya barin kowa ya zura guga sai ranar Juma'a, har Bayajidda ya zo ya sare kansa, sarauniya Daurama ta aure shi. An fi kallon takobin da auren, ana mantawa da mutanen da suka samu sauƙi: matan da daga ranar suka koma zuwa rijiya kullum.

Wanda ya taɓa jan ruwa a rijiya mai zurfi ya san aikin ba ya karɓar rabin hankali. Ka gyara tsayuwa, ka saki igiya a hankali har ka ji guga ta nutse, sannan ka fara ja, hannu na bin hannu, numfashi na bin hannuwan. Ka tafi tunanin bashi, igiya ta goge maka tafi. Idan tulu ya hau gammo kuma, dole wuya ya miƙe, taku ya daidaita.

Haka yawancin ayyukan gida suke a ƙasar Daura ta da. Mata biyu ko uku su kewaye turmi ɗaya suna lugude, taɓarya na sauka wata na tashi, wata ta cilla tata sama ta tafa ta cafe. Wadda ta shigo da ɓacin rai ba ta iya riƙe shi da daɗewa, don idan ta kuskure bugu ɗaya taɓare za su haɗu a yi mata dariya. Da rana tsofaffi su jawo taskira, su shafa alli a yatsu, su murza mazari, zare na fita daga auduga siriri, ido na kansa kada ya tsinke. Maza na da gayya a gona, makaɗi na biye da su, fartanya na faɗuwa tare da ganga. Da daddare dandali ya cika, 'yan mata na gaɗa, samari na langa da kokawa, dattawa kuwa sun zauna kan dara tun la'asar. Ga tafiya masallaci sau biyar. Malamai ma sun daɗe suna karantar da cewa mai fushi ya zauna idan a tsaye yake, ko ya tashi ya yi alwala.

Kada dai a ɗauka zamanin hutu ne. Daka yana cin ƙugu, ɗaukar ruwa yana cin wuya, kuma fargaba ba ta yi ƙaranci ba. A 1805 jihadi ya ci Daura, Malam Isiyaku ya hau karaga, gidan sarautar Haɓe ya watse, ya yi zaman Zango da Ɓaure kusan shekara ɗari kafin Turawa su maido da Malam Musa a 1904. Ga fari, ga fara, ga haraji. Mutanen wancan lokaci sun san tashin hankali sarai. Abin da suke da shi shi ne jikin da ke sauke nauyin zuciya kullum ba tare da an ce masa ya yi ba, kuma ba shi kaɗai yake saukewa ba.

Sauyin ya zo ne ɗaya bayan ɗaya, kowanne da maraba aka tarbe shi. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, yadin kanti ya biyo shi; masaƙar Kaduna ta fara aiki a 1957, mazari ya koma ƙasan adaka. Injin niƙa ya shigo unguwa, sai famfo da burtsatse da 'yan garuwa masu kura. Babur ya gaje jaki da keke. A 2001 wayar salula ta zo, shekarar da gwamnatin Obasanjo ta ƙaddamar da shirin da ya bai wa Keke Napep sunansa. Gaisuwar da a da sai ka taka har ƙofar gida, ka tsaya wurin mutum uku a hanya, yanzu daga kan katifa ake yin ta. Babu mai hankalin da zai ce a karɓe wa mace injin niƙa a mayar mata da taɓarya. Sai dai an cire wahalar tare da abin da ke cikinta, ba a kuma sa komai a gurbin ba.

Likitoci suna da bayanin abin. Idan gaban mutum ya faɗi, jiki na sakin sinadaran da ke ƙara bugun zuciya su ɗaure tsoka, shirin gudu ko faɗa. Idan aka motsa, shirin ya samu mafita. Idan aka zauna ana latsa waya, sai ya taru ya koma rashin barci, ciwon kai, ciwon wuya, ya kuma taimaka wa hawan jini. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ke cewa baligi ya samu aƙalla minti 150 na motsi matsakaici a mako. Tun 1979 wani masani a Amurka, Jon Kabat-Zinn, ya buɗe shirin mako takwas a Jami'ar Masacusets, yana koya wa marasa lafiya su tattara hankali kan numfashi, kan taku, har kan cin abinci. Tsohuwa mai kaɗi a Sandamu da za a yi mata bayani, cewa za ta yi ai wannan aikinta ne.

Yadda tafiya a ƙasa ta zama abin mamaki ya fito fili a watan Agustan 2018, lokacin da marigayi Muhammadu Buhari, yana shugaban ƙasa, ya taka daga filin Idi zuwa gidansa a Daura ranar Babbar Sallah. Fadar shugaban ƙasa ta ce mita 800 ne, jaridu suka kwana suna gardama a kai. Nisan da yarinya mai tallar fura ke ninkawa kafin hantsi ke nan.

Daga 29 ga Mayun 2023, da aka janye tallafin mai, lita ta haura naira 500, daga baya ta tsallake 1,000, ƙafa ta dawo dole. A 2023 ɗin kuma aka rufe iyakar Kongolam bayan juyin mulkin Nijar na watan Yuli, cinikin kasuwar Lahadi ta Mai'aduwa ya ja baya. Mutane suna tafiya, amma ni ban yarda duk tafiya ɗaya ba ce. Magidancin da ke sauri cikin rana, waya a kunne, yana lissafin kuɗin buhun gero, zai isa da gumi da damuwarsa cif. A asibiti za ka ji ma'aikaciyar jinya na cewa, "Baba, ku riƙa ɗan taka ƙasa bayan la'asar." Ya ce, "'Yata, ai wuni nake a ƙafa." Duk su biyun gaskiya suka faɗa, abin da take nufi ne daban: tafiyar da ba a bin kowa bashi a ƙarshenta, wadda mutum zai ji ƙafarsa na taɓa ƙasa.

Maza dai suna da mafita. Akwai filin ƙwallo, akwai gona da damina, akwai bakin titi da asuba, akwai hawan Sallar Gani ga mai doki da mai bin doki. Matar aure da ke gidan haya, tsakar gidanta bai fi taku goma ba, ita aka fi yi wa ƙwace, don turmi da rijiya da dandali duk nata ne a da. Abin da ya rage mata shi ne tafiya Islamiyya cikin ayarin maƙwabta, suna tafe suna hira, da ziyarar barka ko gaisuwar rashin lafiya. Wannan ma, ranar da maigida ya samu canji, Keke Napep ake kira ya tsaya a ƙofar gida.