Gawut

gawut (suna, namiji, ba shi da jam'i). Wani nau'in amosanin gaɓɓai mai tasowa farat ɗaya da azabar zafi. Asalinsa sinadarin yurik asid ne: idan ya yi yawa a jini, ƙoda ta kasa fitar da shi ta fitsari, sai ya daskare a gaɓa, ya zama ƙwayoyi masu tsini kamar allura. Likitan Ingila Alfred Garrod ne ya gano yawan sinadarin a jinin masu ciwon a 1848.

Ciwon yakan fara da gindin babban yatsan ƙafa, galibi cikin dare. Wurin ya kumbura, ya yi ja, ya ɗau zafi, har mayafi ma ba a so ya taɓa shi. A gwiwa kuwa ruwa ke taruwa, ta ƙi lanƙwasuwa, zaman tahiya ya gagara. Yana kama idon sahu da wuyan hannu. Yakan lafa cikin mako ɗaya ko biyu, kuma nan ne haɗarin, don sai a ɗauka an warke. In ya daɗe ba magani yakan cinye gaɓar, ya fito da ƙulluttai, ya haddasa tsakuwar ƙoda.

Gado, ƙiba, ciwon ƙoda, giya, lemon kwalba, jan nama da kayan ciki irin su hanta duk suna jawo shi. Ya fi kama maza. Maganin kolcisin na kwantar da zafin, maganin alofurinol kuma na rage sinadarin.

Misali: Gawut ya hana Baba taka ƙafa.