Mai Gida da Ɗan Haya: Tarihin Harajin Gida a Birnin Yamai

Kalmar "mai gida" tana da ma'ana biyu a Hausa. Ana faɗinta ga shugaban iyali, ana kuma faɗinta ga wanda ya mallaki gini. Tarihin harajin gida a Yamai ya rataya ne a kan wannan bambanci, domin kowane zamani da irin mai gidan da hukuma take nema.

Kafin zuwan Nasara, a ƙasashen Hausa shugaban iyali ne yake biyan kuɗin ƙasa, makiyayi kuma ya biya jangali. Heinrich Barth, wanda ya sauka Kano a 1851, ya rubuta cewa kowane magidanci yana ba da wuri 2,500. Ba a auna ɗaki ko soro, mutum ake ƙirgawa. Da Faransawa suka kafa mulki, sai suka ɗora lanho a kan wannan tushe: a ƙirga kawunan mutanen gida, mai gida ya biya, mai gari ko mai unguwa ya tara ya kai bariki. Ko a yunwar 1931, wadda ta koro talakawa masu yawa daga ƙauyukan Zabarmawa zuwa Yamai, ba a daina neman lanho ba.

Harajin gini kuwa ta wata hanya dabam ya shigo. Dokar 24 ga Yuli 1906 ta kawo rajistar filaye a Afirka ta Yamma ta Faransa, dokar 26 ga Yuli 1932 ta sāke tsara ta. Tun daga nan fili ya sami lamba, da iyaka, da sunan mutum guda a littafin hukuma. Bayan da aka maido hedikwata daga Damagaram zuwa Yamai a 1926, zamanin Gwamna Jules Brévié, aka shiga yanka filaye ana rarraba su. A ƙa'idar Faransa, harajin gini yana kan mai mallaka ne, ko yana zaune a ciki ko ya ba da haya. Wannan ita ce ƙa'idar da majalisar gari ta tarar sa'ad da aka zaɓi Djibo Bakary magajin garin Yamai a 1956, ita ce kuma Nijar ta gāda bayan ƴancin kai a 1960.

Sai dai ƙa'idar ta yi karo da zaman mutane. Gidaje da yawa na gado ne, ba a raba ba, takarda tana ɗauke da sunan mamaci, magada kowa yana tura wa ɗan'uwansa. Waɗansu filayen an saye su ne daga masu gonaki ba tare da rajista ba. Wanda kuma ya ba da haya yakan ƙara harajin a cikin kuɗin wata, ɗan haya ya biya bai sani ba. A ƙarshen shekarun 1970 gwamnatin Seyni Kountché ta soke lanhon kai da kuɗin uraniyum suka samu, amma matsalar gano mai gini tana nan.

Dokar kasafin kuɗi ta 2018 ta bi wata hanya. Ta ƙaga harajin zama a gida, ta haɗa shi da takardar wutar lantarki ta NIGELEC, watau mai amfani da mita shi zai biya, ko da ɗan haya ne. Ƙungiyoyin farar hula sun yi zanga-zanga a Yamai tun daga Oktoba 2017, a watan Maris 2018 aka kama Moussa Tchangari da Ali Idrissa da Nouhou Arzika.

Ke nan an sami masu biya iri uku a tarihi: shugaban iyali, da mai mallaka, da mazauni. Hausar yau da kullum kuwa takan tara su duka ƙarƙashin "mai gida", ta kira abin da suke biya "haraji" ko "lanho". Ya kamata masu tsara littattafan yaƙi da jahilci su raba kalmomin: harajin kai, harajin gini, harajin zama. Ɗan hayan da ya iya karanta wannan bambanci a takarda ba zai biya bashin wani ba.