Gidan 'Yantattun Bayi na Rumaisha da Darasinsa ga Ikkilisiya

A shekarar 1901 Gwamna Lugga ya kafa dokar da ta hana kamun bayi da cinikinsu a Arewacin Nijeriya. Dokar ta ce duk wanda aka haifa daga 1 ga Afrilu na shekarar ɗa ne, ba bawa ba. Amma cinikin bai mutu nan take ba. Fatake suka koma safarar yara a ɓoye, domin yaro ya fi babba sauƙin ɓoyewa. Idan hukuma ta ƙwace irin waɗannan yara a hanya, sai wata matsala ta taso. Da yawansu ba su san sunan garinsu ba, wasu kuma an riga an watsa ƙauyukansu. Ina za a kai su?

Da farko gwamnati ta tara su a wani gida a Zungeru. A 1909 mishan ɗin SUM ya buɗe Gidan 'Yantattun Bayi a Rumaisha, a bakin kogin Binuwai, aka kwaso yaran Zungeru zuwa can. An sa wa gidan sunan Lucy, matar Dokta Karl Kumm, wadda ta rasu a 1906. A nan aka ciyar da yaran, aka yi jinyarsu, aka koya musu karatu, Maganar Allah da sana'ar hannu. Daga baya aka mai da gidan Wukari, aka rufe shi a 1925. Bautar kanta sai a 1936 doka ta soke ta gaba ɗaya a Arewa.

Aikin bai rasa aibi ba. Yaran sun tashi a hannun baƙi, nesa da dangi da harshen iyayensu. Duk da haka ma'aikatan gidan sun gane abin da Kubawar Shari'a sura 15 ta koyar, cewa ba a sallamar bawa hannu wofi. Rana ɗaya ta isa a 'yanta mutum, amma kafin ya tsaya da ƙafafunsa sai an yi shekaru ana ɗawainiya da shi.

A yau ba a kasa bayi a kasuwa, amma ana yaudarar 'yan mata da alkawarin aiki, a bi da su ta Agadas zuwa Libiya. Ana kuma kai yara aikatau birni ba albashi ba makaranta. Tun 2003 hukumar NAPTIP take kama masu safarar mutane tana ceto waɗanda aka yi safararsu. Idan yarinyar da aka ceto ta komo gida da bashi, da ciwo, wani lokaci da goyo, a cikin ikkilisiyoyinmu take zama. Mu ne za mu hana a yi ta nuna ta da baki, mu sulhunta ta da iyayenta, mu nema mata jari ko makaranta.

Tambaya don nazari: a kasafin kuɗin ikkilisiyarku na bana, nawa aka ware domin irin wannan 'yar'uwa?