Tarihin Kalmar "Thou" a Harshen Ingilishi

Duk wanda ya koyi Ingilishi ya sani kalma guda, watau "you", ita ke tsayawa a madadin kai, da ke, da ku. A zamanin da ba haka abin ya ke ba. Mutanen Ingila suna da "thou" domin mutum ɗaya, namiji ko mace, da "ye" ko "you" domin jama'a.

Al'amarin ya soma juyawa bayan Normandawa sun ci Ingila a 1066, Faransanci ya zama harshen fada. Faransawa kan yi wa babban mutum magana da lamirin jam'i domin girmamawa, kamar yadda yaro a nan kan gai da dattijo ya ce, "Kun kwana lafiya?" Kafin ƙarni na 13 ya ƙare manyan Ingila sun ɗauki wannan ɗabi'a. Sai "thou" ta koma ta yaro, da bara, da masoyi, da wanda a ke so a wulaƙanta. Sa'ad da aka yi wa Walter Raleigh shari'ar cin amanar sarki a 1603, babban lauyan sarki, Edward Coke, da gangan ya jefe shi da ita domin ya ci masa fuska.

Wata ƙungiyar Kirista da a ke kira Kwakers ta ƙi yarda da wannan bambanci. Shugabansu George Fox, a cikin wani littafi na 1660, ya nace a ce wa kowa "thou", ko sarki ko talaka. Suka sha zagi da duka saboda haka. Duk da wannan, wajen 1700 kalmar ta kusa ɓacewa daga bakin mutanen Landan, domin kowa yana gudun kada ya ƙasƙanta abokin zancensa.

To, amma masu fassarar Littafi Mai Tsarki na 1611 sun riƙe ta, domin su rarrabe tilo da jam'i yadda Ibrananci da Helenanci suka yi. Da mutane suka daina jinta sai a wurin ibada, suka zaci kalmar ɗaukaka ce, alhali kuwa da ta kusanci ce da raini.

Har wa yau a kan ji ɓurɓushinta, "tha", a bakin waɗansu mutanen Yokshaya. Giɓin da ta bari kuwa bai cike ba, shi ya sa mutanen kudancin Amurka kan ce "y'all" in suna nufin jama'a.